Yadda ake lissafa risefta nawa magani ya kama: kauri, Kd da abinda ke tsakaninsu

Wannan rubutu na yi shi ne saboda ƙannenmu na zango da ke karatun famasi da likitanci a jami'ar KNUST da ke Kumasi, da 'yan'uwa masu karatun nas a asibitin Komfo Anokye, don duk shekara wuri ɗaya ne ke kada mutane a famakoloji, wato maganar Kd, ma'aunin ƙarfin riƙon magani, da yawan risefta da magani ke kamawa. Yara na haddace lissafin su zuba a jarrabawa amma in ka ce toh in an ninka wa mara lafiya maganinsa sau 2 me zai faru sai kaga an yi shiru. Alhali abu ɗaya ne ke tafiyar da komai: yawan maganin shi kaɗai baya gaya maka komai, sai ka raba shi da Kd tukuna. Ɗauko biro da takarda da kalkuleta, mu bi shi daki-daki.

Da farko ka san su waye a fagen. Risefta furotin ne, galibi a jikin fatar ƙwayar halitta yake, wasu kuma a ciki. Ligan shine duk abinda ke zuwa ya manne masa, ko magani ne, ko homon irin insulin, ko sinadarin da jijiya ke fesawa irin asetilkolin. Tun 1905 John Langley a Kambirij ya lura nikotin da gubar kurare suna takara akan wani abu ɗaya a jikin tsoka, lokacin ba wanda ya taɓa ganin risefta da ido. Abin da ya kamata ka riƙe shine mannewar nan ba ta dindindin bace ga yawancin magunguna. Suna kamawa suna saki, suna kamawa suna saki, babu tsayawa. Ka ɗauka trotro ce, motar haya, ta taso daga Tech zuwa Kejetia a cikin Kumasi, kujerun sune risefta. Cikar motar ya danganta da abu biyu, yawan mutanen da ke tsaye a bakin titi suna jiran shiga, da kuma daɗewar da kowa ke yi akan kujera kafin ya ce wa mate, wato kwandasta, zai sauka. In duk masu zuwa tasha ta ƙarshe ne, mutane kaɗan sun isa su cika ta. In kowa gaba kaɗan zai sauka sai an samu cincirindo a hanya kafin ta kasance a cike. Yawan masu jira shine kaurin magani, wato yawansa a cikin kowace lita ta jini ko ruwa, daɗewa akan kujera kuma shine babban abin da ke sa ƙarfin riƙo.

Mataki na gaba, fahimci Kd da kyau don anan ake juya abu. Akwai saurin kamawa, ana rubuta shi kon, akwai saurin saki, koff. Kd = koff ÷ kon. Tunda saki ne a sama, ƙaramin Kd na nufin riƙo mai ƙarfi, babban Kd riƙo mai rauni. Maganin da Kd ɗinsa 1 nM, wato nanomola 1, ya fi mai 100 nM ƙarfin riƙo sau 100. Kuma Kd kauri ne, ana auna shi da mola, mikromola ko nanomola, shine dai kaurin da zai kama rabin risefta in komai ya daidaita. Wani lokaci zaka ga an rubuta pKd, wannan log ne da aka juya, pKd 9 shine 1 nM, pKd 6 shine 1 µM wato mikromola 1, anan babbar lamba ce ke nufin ƙarfi, sai a kula. Don ka ji faɗin abin, biotin da abidin na cikin farin ƙwai Kd ɗinsu wajen 10⁻¹⁵ M ne, kusan in sun kama shikenan, yawancin magungunan da ke kan kanta kuwa a yankin nanomola zuwa mikromola suke.

Yanzu ga lissafin kansa. Kason da aka kama = L ÷ (L + Kd), L shine kaurin ligan da ke yawo a sake. A. V. Hill ya fitar da shi a 1909, Irving Langmuir ya sake isowa gare shi ta hanyar nazarin yadda iskar gas ke mannewa a jikin ƙarfe, shi yasa ake haɗa sunayensu, sai A. J. Clark ya ɗora ilimin aikin magani akansa a littafinsa na 1933. Ni shawarata kar ka riƙa amfani da shi a haka. Ka fara raba L da Kd ka samu lamba ɗaya, mu kira ta r, sai kason ya zama r ÷ (r + 1). Da wannan ko kalkuleta baka buƙata.

r = 0.1 yana bada kashi 9 cikin 100
r = 1 kashi 50
r = 3 kashi 75
r = 4 kashi 80
r = 9 kashi 90
r = 99 kashi 99

Tsaya ka kalli lambobin nan sosai. Daga 0.1 zuwa 1 ka ninka magani sau 10 ka samu ƙarin kashi 41. Daga 9 zuwa 99 ka ninka sau 11 amma kashi 9 kacal ka ƙara. Daga kashi 10 zuwa kashi 90 sai kauri ya ninka sau 81, domin kashi 10 r ɗinsa 1/9 ne, kashi 90 kuma 9. Wannan 81 ɗin ka riƙe ta, malamai na son tambayarta. Shi yasa ma ake zana giraf ɗin akan ma'aunin log, in ba haka ba duk abin zai matse a gefen hagu, a log kuwa sai ya fito kamar harafin S kuma tsakiyarsa ya faɗa daidai kan Kd.

In kuma tambayar ta juyo, an ce kana son kashi kaza wane kauri kake buƙata, sai ka juya: L = Kd × kaso ÷ (1 − kaso). Ga inda yake da amfani a zahiri. Binciken hoton ƙwaƙwalwa na PET ya nuna cewa magungunan taɓin hankali irin halofiridol na fara aiki in sun kama wajen kashi 65 na risefta D2, wato na sinadarin dofamin, amma in an haye kashi 80 sai sandarewar jiki da karkarwa su fara yawa. Lissafa: 0.65 ÷ 0.35 = 1.86, sai 0.80 ÷ 0.20 = 4. Tsakanin amfani da wahala ninki 2 ne da ɗan kai kawai. Duk wanda ya taɓa ganin mara lafiya wuyansa ya murɗe, harshe ya fito, idanu sun kafe sama bayan an masa allura, kuma danginsa na gefe suna cewa iska ce, ya san wannan lissafin ba na takarda bane kaɗai.

Sai matakin da yafi cin maki, wato samo L na gaskiya. Lab ba ta baka nanomola, tana baka ng/mL, wato nanogiram a kowace mililita ta jini. Dole ka juya: nM = ng/mL × 1000 ÷ nauyin molekul. Mu ƙirƙiri magani don misali, nauyin molekul 300, Kd 5 nM, sakamakon jini ya nuna 60 ng/mL. 60 × 1000 ÷ 300 = 200 nM. Amma dakata, wannan jimlar duka ce, har da wanda ke maƙale a jikin albumin da sauran furotin na jini, kuma wanda ke maƙale baya isa ga risefta. A ce kashi 90 a maƙale yake, saura kashi 10, L ya zama 20 nM. r = 20 ÷ 5 = 4, kaso 80 cikin 100. Wanda ya manta da albumin zai sa 200 ya samu kashi 97.6, ya yi nisa da gaskiya. Kuma akwai magunguna irin warfarin da wajen kashi 99 ɗinsu a maƙale yake. Ko 20 nM ɗin ma na jini ne, in risefta na cikin ƙwaƙwalwa sai ka tambaya ko maganin na ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Loferamaid na gudawa yana kama risefta irin na mofin amma a adadin da aka saba baya bugarwa saboda akwai furotin da ke fitar da shi daga ƙwaƙwalwa.

Toh yanzu tambayar ninkawa, kuma nan ne zuciyar maganar a wurina. Babu maganin da risefta ɗaya tak yake gani. A ce maganinmu yana kuma kama wani risefta na biyu a zuciya, da rauni, Kd 200 nM. A 20 nM, wanda muke so kashi 80, na zuciya 20 ÷ 220 kashi 9. Ninka sau 2 zuwa 40 nM: wanda muke so ya koma kashi 89, na zuciya ya koma kusan 17. Ninka sau 10 zuwa 200 nM: wanda muke so 97.6, na zuciya kashi 50. Kaga amfani ya ɗan motsa kaɗan, illa kuwa ta ninka fiye da sau 5. Wanda muke so ya riga ya kusa ƙurewa, ɗayan kuma yanzu ya shiga inda yake hawa da sauri. Wallahi ina so duk mai zama a kantin magani a Aboabo ko Asawase ya fahimci wannan, don kullum sai wani ya zo ya ce "Malam, ɗaya baya min, biyu nake sha". Haka maganar tramol da ta addabi samarinmu, masu shan mai miligiram 225 ɗin nan. Tramadol ba risefta na mofin kaɗai yake taɓawa ba, yana kuma hana jijiya janye serotonin da noradrenalin, kuma yawansa na kawo farfaɗiya. Ƙari ga haka hanta ce ke juya shi zuwa wani sinadari da yafi shi riƙon risefta nesa ba kusa ba, kuma enzayim ɗin da ke wannan aiki, CYP2D6, ƙarfinsa ya bambanta daga mutum zuwa mutum, don haka ƙwaya ɗaya bata bada L ɗaya a jikin abokai biyu.

Lokaci ma ka sa shi a lissafi. Duk rabin-rai ɗaya, wato lokacin da jiki ke ɗauka ya zubar da rabin magani, L na raguwa da rabi amma kason da aka kama baya bin sa haka. Maganinmu ya fara da r = 4: kashi 80, bayan rabin-rai ɗaya r = 2 kashi 67, sai r = 1 kashi 50, sai 0.5 kashi 33. In kuwa da r = 64 aka fara: 98, 97, 94, 89, 80. Jini ya zubar da magani ninki 16 amma risefta har yanzu kashi 80 a kame. Shi yasa wani magani ke daɗewa yana aiki fiye da yadda rabin-ransa ke nunawa. Akwai kuma wani dalili na daban, koff. Magunguna biyu na iya samun Kd ɗaya amma halinsu daban. Na farko kon 10⁶, koff 0.005 a daƙiƙa, Kd 5 nM, rabin waɗanda suka kama zasu saki cikin 0.693 ÷ 0.005, daƙiƙa 139. Na biyu kon 10⁴, koff 0.00005, Kd dai 5 nM, amma sakin rabi sai kusan awa 4. Tayotrofiyam na masu ciwon huhu irin na biyun ne, yana jinkirin sakin risefta M3 na hanyoyin numfashi, sau ɗaya a rana ake shaƙarsa.

Sai in an samu kishiya, ligan biyu na neman gurbi ɗaya. John Gaddum ya bada lissafin a 1937 kuma sauƙinsa har mamaki yake bani: Kd ɗin na farko kawai zaka ninka da (1 + B ÷ Kb), B kaurin mai tarewa, Kb nasa Kd ɗin. Koma kan misalinmu, L 20, Kd 5. A sa mai tarewa a kauri sau 9 na Kb ɗinsa, Kd ya zama kamar 5 × 10 = 50, kaso 20 ÷ 70, ya faɗo daga 80 zuwa wajen 29. In kana son dawo da 80 sai L ya kai 200 nM, ninki 10 daidai. Wannan ninkin shi Heinz Schild ya mayar hanyar auna ƙarfin mai tarewa. Kuma ka lura riƙon maganin na asali bai canza ba, takara ce ta sa ya yi kamar ya raunana.

A asibiti kullum ana ganin wannan. Nalokzon na ture mofin da danginsa daga risefta, mutumin da numfashinsa ya kusa tsayawa sai ya farfaɗo cikin mintoci, amma nalokzon na barin jiki da wuri, B na sauka, wancan kuma yana nan, sai mutum ya sake sumewa, shi yasa ba a sallamarsa da ya buɗe ido. Manomin da maganin feshi ya shiga jikinsa, irin mai organofosfet, asetilkolin ne ya taru masa fiye da kima, L ya yi sama sosai, don haka atrofin da ake bashi ya kan ninka abinda aka saba sau da yawa, ana ƙarawa har sai ƙirji ya bushe. Mai asma kuma da aka ba frofranolol, in ya shaƙi salbutamol sai ya tarar an riga shi gurbin.

Misalin da yafi kusa da gidajenmu shine hayaƙin gawayi da na janareta. Himoglobin ba risefta bane a ma'anar famakoloji amma dokar ɗaya ce. Kabon monoksaid yafi oksijin riƙon himoglobin fiye da sau 200. Oksijin kashi 21 ne na iska, raba 21 da wajen 210 ka samu 0.1. Ma'ana in kabon monoksaid ya kai kashi 0.1 cikin 100 na iskar ɗaki, in aka daɗe a ciki, zai iya kame wajen rabin himoglobin ɗin mutum, ga shi ba wari ba launi. Don Allah lokacin sanyin hunturu kar a shiga ɗaki da kurfoti a rufe ƙofa da taga, in an ɗauke wuta kuma janareta a waje yake kwana, ba a baranda kusa da taga ba. Maganinsa a asibiti ma Gaddum ne, a bada oksijin zalla don a ɗaga kaurin abokin takara, sai lokacin fitar rabin gubar ya sauko daga awa 4 zuwa 5 ya dawo wajen awa ɗaya da rabi.

Tunda mun taɓo himoglobin, shi baya bin 81 ɗin nan, domin gurbi 4 gare shi kuma kamun ɗaya na sauƙaƙa na gaba. Anan sai a ɗaga r zuwa ƙarfin n, kaso = rⁿ ÷ (rⁿ + 1), n lamba ce da ke nuna yadda gurabe ke taimakon juna, na himoglobin wajen 2.7, rabin cika kuma a matsin oksijin na wajen 27 mmHg. Gwada da kalkuleta, 100 mmHg zai baka kashi 97, 40 mmHg wajen 74 zuwa 75, kuma daga kashi 10 zuwa 90 ninki 5 ne kawai. In ka ga n ya kauce wa 1 a sakamakon gwaji to akwai labari, ko gurabe na taimakon juna ko kuma risefta iri biyu ne suka cakuɗe.

Gargaɗi babba kafin ka ruga: kama risefta daban, aiki daban. Mai tarewa na iya kama kashi 99 bai kunna komai ba. Bufrenofin na da riƙo mai ƙarfi sosai amma kunnawarsa rabi-rabi ce. R. P. Stephenson a 1956 ya nuna cewa mai kunnawa mai ƙarfi na iya bada cikakken aiki alhali ɗan kaso kaɗan ya kama, sauran risefta rara ne. Saboda haka EC50, kaurin da ke bada rabin aiki, sau da yawa yana ƙasa da Kd, kar ka ɗauki ɗaya ka sa a gurbin ɗaya. A mahaɗar jijiya da tsoka sai an tare wajen kashi 75 na risefta kafin motsin tsoka ya fara raguwa, masu bada maganin barci a tiyata sun san mutum na iya motsa hannu alhali yawancin risefta ɗinsa a tare suke.

Ga masu aikin ƙarshen karatu a lab, abu biyu. IC50, kaurin maganin da ke ture rabin ligan mai alama daga risefta, ba Ki bane, wato ainihin Kd ɗin maganin, domin ya danganta da yawan ligan mai alama da ka zuba, sai ka gyara da lissafin Cheng da Prusoff na 1973: Ki = IC50 ÷ (1 + L ÷ Kd). IC50 30 nM, ligan mai alama a ninki 2 na Kd ɗinsa, Ki 10 nM kenan. Na biyu, duk lissafin nan na ɗauka cewa abinda ka zuba a kwalba shine ke yawo a sake. In risefta sun yi yawa har sun shanye fiye da kashi 10 na ligan ɗin, L ya ragu ba ka sani ba kuma Kd da zaka samu zai fito sama da na gaskiya, sai ka rage furotin ko ka ƙara girman ruwan. Ka kuma bashi lokaci ya daidaita, mai jinkirin saki in ka karanta shi bayan minti 10 zai yi kamar mara ƙarfi.

Gwada wannan da hannunka kafin ka duba amsa. Nauyin molekul 400, jini 80 ng/mL, kashi 95 a maƙale da furotin, Kd 10 nM, sannan aka ƙara mai tarewa a ninki 4 na Kb ɗinsa. Jimla 200 nM, a sake 10 nM, r = 1, kashi 50 kafin mai tarewa. Da shi Kd ya koma kamar 50, 10 ÷ 60, wajen kashi 17. In kana son dawo da kashi 50 sai sakamakon jini ya kai 400 ng/mL.